Ina so in cire sunan ubansa in sa masa na mijina

Saƙon wannan makon daga wata 'yar'uwa ne a Agege, na ɗan taƙaita shi dan yana da tsawo:

"Assalamu alaikum Anti, dan Allah ki bani shawara. Mun rabu da mijina na farko yarona yana shekara 2, yanzu yana 11. Uban ya koma arewa, ko sabulu bai taɓa aiko masa ba, lambarsa ma bata shiga. Mijina na yanzu shi ke ci da shi, shi ke biyan kuɗin makaranta, kuma mun haifi biyu. A makaranta ƙannen suna amsa sunan mijina shi yana amsa wani daban, yara suna ce masa agola, yana dawowa yana kuka. Mijina yace ya yarda a sa masa sunansa. Na je bakin kotu wani mutum yace in bashi kuɗi zai min afidabit cewa uban ya rasu, sai a fitar da sabuwar takardar haihuwa. Sannan ni kaina takarduna a hargitse suke, BVN da sunan tsohon mijina, NIN da sunan babana, banki sun ce in je in gyara. In mayar da komai sunan mijina na yanzu ne ni da yaron a huta?"

Wa alaikumussalam ƙanwata, Allah ya raya miki su ya shirya. Bari in fara da mutumin bakin kotun nan dan shi ya fi tsaya min a rai. Kar ki bashi ko sisi, in ya kira ma kar ki ɗauka. Afidabit rantsuwa ce, kuma ke ce mai rantsuwar ba shi ba, sunanki da hotonki da sa hannunki ne a jiki, shi kam ya karɓi kuɗinsa ya ƙara gaba. Rantsuwar ƙarya a gaban hukuma laifi ne da ake ɗaure mutum a kai, balle kuma ki rantse cewa mai rai ya mutu. Kuma kinsan zaman Ikko, wanda kike ganin ya ɓace a arewa yana da ɗan'uwa a Mile 12 ko abokin ɗan'uwa a Alaba Rago, magana bata ɓuya. Ranar da ya ɓullo yace ina ɗana, wannan takardar ita zai fara ɗagawa a gaban alƙali, duk shekara tara da yayi bai aiko da sabulu ba sai a manta da su a koma maganar uwar da ta kashe uba a takarda. Ga kuma yaro ɗaya da takardar haihuwa biyu masu suna daban daban a lokacin da ake ta mayar da rajistar haihuwa cikin kwamfuta ana haɗa ta da NIN, wannan ciwon kai ne da zai bi yaron har girmansa. Da yawa daga masu zama ƙarƙashin lema a bakin kotu suna tare mutane ma takardar da suke bayarwa ta bogi ce, hatimin ba na kotu ba, ba risit ba lamba. Duk afidabit ɗin da zaki yi ki shiga cikin kotun da ƙafarki, ki biya inda aka ce a biya, ki karɓi risit, ki tsaya gaban kwamishinan rantsuwa.

Toh naki shi ne mai sauƙi, mu gama da shi. Baligi a Najeriya baya buƙatar shigar da ƙara kafin ya canza suna, ba shari'a ake yi ba, ba alƙalin da zai zauna ya tambaye ki dalili, matuƙar ba dan gudun bashi ko ɓoye laifi kike yi ba. Amma shawarata kar ki mayar da komai sunan mijinki na yanzu. Ki koma sunan babanki ki zauna a kai. Ba dokar ƙasar nan da ta ce dole mace ta ɗauki sunan miji, al'adar cike fom ce kawai, kin je buɗe akawun ma'aikacin banki ya tambaya kina da aure kince eh sai ya rubuta sunan maigida, shikenan aka ɗaura miki. Mu a gida ai ba haka muka tashi ba, mace 'yar wane ce har ta koma ga Allah. Kuma ba fata nake miki ba wallahi, Allah ya barku tare, amma ke da kanki kinga abinda sunan miji ya jawo miki sau ɗaya, sunan uba kuwa ba saki ba takaba da zai taɓa shi. Sa'ar da kika yi NIN ɗinki da sunan babanki yake, kuma yanzu NIN ita ce uwa, fasfo da layin waya da banki duk ita suke kallo, dan haka BVN ce zata biyo ta.

Kafin ki taka ko'ina ki zauna da biro ki rubuta sunan yadda kike so harafi bayan harafi, wanne ne na farko, wanne ne na tsakiya, wanne ne na uba, ki gwada da abinda ke kan silif ɗin NIN. Wannan wurin ne ke kayar da mutanenmu a Legas. Kince Hauwa'u an rubuta Awawu, kince A'isha an ƙara miki t ta koma Aishat, Sulaiman ya koma Sulaimon, Muhammad kuwa a takarda uku sai ki ganshi iri uku. Ba mugunta bace, mai rubutun yadda ya saba ji a gidansu ya rubuta, mu kuma sai mu karɓi takarda mu ninke mu jefa a jaka bamu duba ba. Kwamfuta bata san duk ɗaya bane, harafi ɗaya ya bambanta tace ba ke bace.

Daga nan sai babbar kotu, ta Ikeja ce kusa da ke, ki yi rantsuwar da ta ambaci tsohon suna da sabon suna da dalili, wato an sa sunan miji kuma auren ya ƙare, kuma duk mutum ɗaya ce. In kina da takardar saki ki riƙe ta, in babu kar ki ƙirƙiro, ki faɗi gaskiyar yadda aka yi. Sai ki buga sanarwa a jaridar da ke zagaya ƙasa, irin su Punch ko Vanguard ko Daily Trust, 'yar ƙaramar sanarwar nan da ke cewa da ana kirana kaza yanzu kaza, takarduna na baya suna nan daram. Ranar da ta fito ki sayi jaridar fiye da ɗaya, kuma kar ki yanke ɗan akwatin kawai, ki ajiye shafin gaba ɗaya da sunan jaridar da kwanan wata a samansa, dan wanda aka yanke wasu ofisoshin basa karɓa. Da waɗannan da silif ɗin NIN zaki je bankinki ki cike fom ɗin gyaran BVN. Bayan ya gyaru ki bi sauran a hankali, sauran akawun ɗin in kina da su, layin waya, katin zaɓe, katin LASRRA na mazauna Legas. Satifiket na makaranta in kina da su ba sake buga miki za a yi ba dan kin canza suna daga baya, afidabit ɗin da jaridar ne zasu riƙa rakiyarsu duk inda zaki kai.

In kina da niyyar neman aikin gwamnati ko fita waje ko wani babban abu, ki ƙara da zuwa wurin lauya ya rubuta miki takardar da suke ce wa did pol, a kuma buga a gazet, wato jaridar sanarwa ta gwamnati, ta fi afidabit zalla ƙarfi. Lauyoyi sun ƙara matsa wa wannan ne tun abinda ya faru a Bayelsa, ranar 13 ga Fabrairun 2020 kotun ƙoli ta soke nasarar David Lyon ana gobe za a rantsar da shi gwamna, ba dan laifinsa ba, dan takardun mataimakinsa suna ɗauke da sunaye mabambanta, washegari Douye Diri aka rantsar. Kujerar gwamna sukutum ta tafi a kan maganar suna, dan haka in banki sun ce ki gyara kar ki ga kamar neman fitina suke.

Yanzu maganar yaro, kuma a nan zan faɗa miki abinda ƙila ba shi kike son ji ba. Ban goyi bayan a cire sunan ubansa ba. Ba wai dan uban ya cancanta ba, a yadda kika bada labari bai kyauta ba ko kaɗan, kuma Allah zai tambaye shi. Sunan nan ba kyauta bace da ake ba uba in ya yi kirki a ƙwace in ya gaza, haƙƙin yaron ne, shi ke nuna daga ina ya fito.

Ta fuskar doka tukuna. Yaron da bai kai 18 ba baya canza sunansa da kansa, iyaye ke yi masa, kuma in gyaran harafi ne ko ƙara masa suna na tsakiya wannan ba wani abu bane. Amma cire sunan uban da ke raye ba da saninsa ba, wannan ba aikin afidabit bane, in ana so ya tsaya da ƙafarsa sai an je kotun iyali. Legas tana da dokarta ta haƙƙin yara tun 2007, wadda ta biyo bayan ta tarayya ta 2003, a ƙarƙashinta aka kafa kotun iyali a matakin majistare da matakin babbar kotu, kuma abinda dokar ta sa a gaba shi ne me ya fi zama alheri ga yaro, ba me uwa ke so ko me uba ke so ba. Kotu bata yanke wa mutum hukunci a bayan idonsa, dole a kai masa sammaci, in ba a san inda yake ba lauya zai roƙi izinin a liƙa a gidan da aka san shi na ƙarshe ko a buga a jarida. Alƙali na iya jin ta bakin yaron tunda ya yi wayo, yana iya yarda yana iya ƙi, ba wanda zai miki alƙawari. Hanyar da ke mayar da mijinki uba a idon doka gaba ɗaya kuwa ita ce ɗaukar ɗa ta ma'aikatar matasa da walwalar jama'a da ke Alausa, doguwar hanya ce mai bincike da zirga zirga, kuma ita ce ainihin wadda addininmu ya rufe.

Kin dai san labarin Zaidu ɗan Harisa, a gidan Manzon Allah (SAW) ya tashi har ana ce masa Zaidu ɗan Muhammadu, sai aya ta 5 a Suratul Ahzab ta sauka tace a kira su da sunan ubanninsu, daga ranar ya koma ɗan Harisa, kuma soyayyar bata ragu ba. In akwai wanda ya isa a bar wa yaro sunansa saboda kyakkyawan riƙo ai shi ne, amma ba a bari ba. Akwai kuma hadisi mai tsanani a kan wanda ya danganta kansa ga wanda ba ubansa ba yana sane. Ki tambayi duk malamin da kika yarda da shi a Agege, ban jin zaki ji daban. Canza sunan yanka kansa ba laifi bane in yana da mummunar ma'ana, Annabi ya canza wa mutane da dama, na uba ne ba a taɓawa.

Kuma ko mun ajiye wa'azi gefe, ki duba abinda zai biyo baya. Sunan mijinki a takarda bazai sa yaron ya gaje shi ba, a Musulunci ɗan mata baya gado, ranar da ta Allah ta kasance dangin miji zasu tuna masa ko shi waye a lokacin da ya fi kowane ciwo, yana riƙe da takarda mai sunan gidan amma ba shi da kaso. A can gidan ubansa kuma inda yake da haƙƙi na gaskiya, ko gona ce ko kango, sai a ce ai uwarka ta canza maka uba. An yi gudun gara an faɗa gidan zago kenan. In mijinki yana son ya yi masa wani abu mai ɗorewa, kuma daga jin labarinsa mutumin kirki ne Allah ya saka masa, ƙofa a buɗe take, ya bashi kyauta yanzu yana raye a rubuta da shaidu, ko ya yi masa wasiyya cikin sulusin dukiyarsa. Wannan ya fi suna amfani nesa ba kusa ba.

Abinda nake ganin kike buƙata daga kotu, in ma zaki je, takardar riƙo ce, wato umarnin da ke cewa yaron a hannunki yake kuma ke ke da ikon sa masa hannu. Ita ce zata miki aiki ranar da za a yi masa fasfo aka nemi amincewar iyaye, ko neman biza, ko canjin makaranta, ko wani ya zo daga sama yace zai tafi da shi. A ƙara ɗaya kina iya neman a ɗora wa uban kuɗin ciyarwa in an same shi. Zaman kotun iyali ba a buɗe yake ga 'yan kallo ba, dan haka kar ki ji tsoron tonon asiri. In kuɗin lauya ne matsala gwamnatin Legas tana da ofishin lauyoyin talakawa da ake kira OPD, kyauta suke yi, akwai kuma ƙungiyar mata lauyoyi ta FIDA. Ki tara hujja tun yanzu, risit na kuɗin makaranta, katin asibiti, rifot kad, da mutum biyu da suka san tun yaushe yaron ke hannunki.

Sai dai ki shiga da idonki a buɗe. Sammaci yana tada wanda ke barci. Legas bata da kotun shari'ar Musulunci ta gwamnati irin ta Kano ko Sakkwato, amma dangin uban a arewa suke, kuma a mazhabar Malikiyya uwa in ta yi wani auren ana iya cewa riƙo ya tashi daga hannunta ya koma wurin mahaifiyarta, akwai bayanai da togaciya a ciki da malamai suka sani, shirun da suka yi shekara da shekaru ma abin dubawa ne. Shi yasa nake so kafin takarda ta fita, manya su fara magana. Lambarsa bata shiga, toh ta uwarsa fa, ta yayansa fa, waliyyin da ya karɓa masa aurenki fa? Ki sa babanki ko kawunki ya nema, in ta kama a bi ta fadar Sarkin Hausawa, mutanen nan sun san wanda ya san wani a kusan kowane gari. Sau da yawa irin waɗannan mazan ba yaron suke so ba, kunya da tsoron a tambaye su kuɗi ke sa su ɓuya, in aka ce musu sa hannu kawai ake so a kan cewa yaro ya zauna wurin uwarsa sai kiga an gama cikin ruwan sanyi, a kai kotu ta tabbatar.

Na dawo kan kukan yaron, dan shi ne ya kai ki bakin kotu tun farko. Canza suna bazai hana yaran nan ce masa agola ba, unguwa ɗaya kuke, iyayensu ne suka faɗa a gabansu suka ɗauka, gobe in ya zo da sabon suna sabuwar tsokana zasu samu. Abinda zai kashe maganar mijinki ne. Ya ɗauki ƙafa ya je makarantar da kansa, ya samu hedimasta da malamin ajin, ya ce wannan yarona ne a gidana yake duk wanda ya taɓa shi ni ya taɓa, ya riƙa zuwa taron iyaye, wata rana ya ɗauko su ukun tare a gaban kowa. Yara suna ganin wanda ke da mai tsaya masa. Ke kuma ki zaunar da shi ki gaya masa gaskiya daidai hankalinsa ba tare da kin zagi ubansa ba, ko da kuwa zagin yana bakinki. Hadisin nan da suke haddacewa a Islamiyya, na yaro ka ambaci sunan Allah ka ci da damanka ka ci abinda ke gabanka, ki tambaye shi ko ya san wa aka gaya wa. Umaru ɗan Abu Salama ne, ɗan Ummu Salama da ta zo da shi gidan Annabi, a kwano ɗaya suke ci, kuma har yau da sunan ubansa ake kiransa. Yaro ɗan 11 zai riƙe wannan. Banda haka ma mu Hausawa yaushe muka damu da sai gida ya amsa suna ɗaya, uwa ɗaya uba ɗaya wani na amsa sunan uba wani na kaka wani na gari, a fom ɗin makarantun nan ne abin ya zama dole. In ya kai 18 ya ga yana son wani gyara a sunansa, lokacin da hankalinsa da iliminsa, shi zai je ya yi da kansa.

Aikin da ke gabanki a kansa yanzu na duba takardu ne. Ki ɗauko takardar haihuwarsa, ki tabbata ta hukumar ƙidaya ce ba katin asibiti ko takardar suna ta masallaci ba, ki je makaranta ki ce a nuna miki yadda aka rubuta shi a rajista, ki gwada harafi da harafi da jerin sunayen. In akwai bambanci a gyara na makaranta ya bi takardar haihuwa tun kafin a kai ga rajistar jarabawar JSS 3, dan abinda ya hau satifiket ɗin jarabawa, balle na WAEC, cire shi aiki ne ja, kuma tun 2021 JAMB daga NIN take ɗauko sunan ɗalibi. In bai da NIN ki yi masa, amma ki fara gama naki, dan na yaron da bai kai 16 ba da lambar uwa ko uba ko mai riƙo ake haɗa shi, gara a haɗa da wadda ta riga ta daidaita da sauran takardunki. Fom ɗin makaranta kuma wurin uba ki bar sunan ubansa, wurin mai riƙo ki sa sunan mijinki da lambar wayarsa, in fom ɗin bai da wurin ki ce su ƙara da biro.